KAFIN KULOB YA ƊAUKI YARO, ME YA KAMATA YA DUBA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a Agege ko Idi-Araba, ko a Sabo ta Badun, da yamma bayan la'asar, ya san irin gardamar da 'yan kallo kan yi a kan yara masu buga ƙwallo. Wani ya ce dogon nan shi ne gwani, wani ya ce a'a, gajeren nan mai ƙafar hagu ya fi shi. Akan yi ta musu har magariba, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya yi hasarar ko kwabo. To, a ƙasar Amurka akwai mutanen da wannan gardama ita ce sana'arsu, kuma in suka yi kuskure kulob ya yi hasarar dukiya, mai horarwa ya rasa aikinsa, shi kuma yaron wani lokaci rayuwarsa ce ke karkacewa.

A can ba kamar nan ba ne, inda kowane kulob kan je ya nemo yaro da kansa su daidaita. Babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka da Kanada, wadda ake kira MLS, an fara ta a 1996 da kulob 10, a 2025 kuwa suka kai 30. Sau ɗaya a shekara akan jera sunayen samarin da suka yi wasa a jami'o'i, kulob-kulob su riƙa ɗauka bi da bi. Sabon kulob da ya shigo gasar shi ke fara zaɓe, sa'an nan wanda ya zo na baya a shekarar da ta wuce, a yi ta hawa har a kai ga zakara, wanda shi ke zaɓe daga ƙarshe. Kulob na iya sayar da layinsa, ko ya musanya shi da ɗan wasa. Tun shekarar 2000 ake kiran wannan zaɓe SuperDraft. Dabarar kuwa aro ce daga wajen masu ɗaya ƙwallon nasu, watau wanda ake runguma a hannu ana ture-ture, waɗanda suka fara irin wannan zaɓe tun 1936. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya kwashe tsabar duka ya bar sauran da ƙaiƙayi.

Wanda ya bi tarihin wannan zaɓe zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Kulob ɗin da ya bi suna da hayaniyar jaridu shi ya fi shan kunya. Wanda kuwa ya bi yaro a hankali, ya ga wasansa sau da yawa, ya bincika lafiyarsa da halinsa, ya kuma san abin da shi kansa yake bukata, yakan sami rabonsa ko da layinsa yana can baya.

Alal misali, a duba zaɓen 2004. Yaron da aka fara ɗauka shi ne Freddy Adu, haifaffen Tema ta ƙasar Gana, wanda ya koma Amurka da mahaifiyarsa yana ɗan shekara 8. Shekarunsa 14 sa'ad da kulob ɗin D.C. United ya ɗauke shi, aka ba shi albashin da ya fi na kowa a gasar, aka yi masa talla a talabijin tare da Pele, jaridu suka ce magajin Pele ya bayyana. Ba shakka yaron yana da baiwa, domin ya ci ƙwallo a babbar gasa tun bai cika 15 ba. Amma a ƙarshen 2006 D.C. United ya rabu da shi, a 2007 ya tafi Benfica ta Fotugal, daga nan aka shiga ba da shi aro. Ya yi Faransa, ya yi Girka, ya yi Turkiyya, ya yi Barazil, ya yi Sabiya, ya yi Finlan, kulob fiye da goma sha biyu ke nan, bai zauna daram a ko ɗaya ba, bai kuma taɓa buga Kofin Duniya na manya ba.

A wannan zaɓe ɗin dai, sai da aka ɗauki mutum bakwai kafin New England ta ɗauki Clint Dempsey a na 8. Shi ne ya je Fulham da Tottenham a Ingila, ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 57, ya kuma ci a Kofin Duniya uku a jere, 2006 da 2010 da 2014, biyu daga ciki a ragar Gana. Michael Bradley kuwa sai a na 36 aka kira sunansa, alhali daga baya ya buga wa Amurka wasa 151, ya kuma yi wasa a Roma ta Italiya. Laifin ba na Adu ba ne shi kaɗai. Manya ne suka ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, domin suna neman sunan da zai cika musu fili da 'yan kallo. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a harkar ƙwallo Laraba takan yi ƙarya.

Abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya duba shi ne kan yaro, kafin ƙafarsa. Gudu da tsalle da faɗin ƙirji kowa na iya ganinsu daga nesa, shi ya sa suke ruɗin mutane. Har zuwa 2019 hukumar gasar takan tara samarin na 'yan kwanaki a watan Janairu, a auna gudunsu da tsallensu, su buga wasa kaɗan a gaban masu horarwa. Sau da yawa yaro kan haskaka a waɗannan kwanaki ya hau sama a layi, daga baya a ga ashe gudun ne kawai. Ga kuma yadda wasan jami'a yake. Ana yin sa ne cikin watanni kaɗan, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, kuma shekaru da yawa dokarsa ta yarda a fitar da ɗan wasa ya huta a sake mayar da shi. Saboda haka wasan ya zama na guje-guje da ƙarfi, mai jiki ya fi fitowa fili. A babbar gasa kuwa kowa mai gudu ne, kowa ƙaƙƙarfa ne. Abin da ke raba su shi ne wanda ya waiwaya kafin ƙwallo ta iso shi, wanda ya san inda zai tsaya sa'ad da ƙwallon ba ta wurinsa, wanda taɓawarsa ta farko ke ajiye ta inda yake so. Ba a ganin waɗannan a ɗan guntun fim da dillali ya tsinto wuraren da yaro ya yi bajinta ya harhaɗa. Tilas ne a zauna a kalli wasa cikakke, har da ranar da aka lallasa su, a ga yadda yaron ke yi in an ci su biyu ba ko ɗaya.

Abu na biyu shi ne lafiya, kuma nan ne son zuciya ya fi rufe wa masu zaɓe ido. A 2017 Minnesota United, sabon kulob a lokacin, shi ke da layin farko, ya ɗauki Abu Danladi, sunan da kunnen Bahaushe ya saba da shi. Haifaffen Takoradi ne, ya fito daga makarantar ƙwallo ta Right to Dream a Gana, ya yi karatu da wasa a jami'ar UCLA. A shekararsa ta farko ya ci ƙwallo 8, kowa ya ce an dace. Daga nan ciwon jijiyar bayan cinya ya riƙa dawo masa, ya yi ta zaman jiyya, har a ƙarshen 2019 Minnesota ta bari Nashville ta ɗauke shi. Ɗan gaba da gudu ne jarinsa, in cinya ta ƙi, jarin ya karye. Lalle akwai raunin da ba mai iya hangowa. Steve Zakuani, wanda Seattle ta ɗauka na farko a 2009, yana tsakiyar tashe aka karya masa ƙafa a 2011, bai sake komawa yadda yake ba. Wannan ƙaddara ce. Amma ciwon da ke zuwa yana dawowa yakan bar sawu a takardun likita, kuma kulob ɗin da bai sa likitansa ya karanta su ba ya yi cinikin biri a sama.

Abu na uku hali ne, musamman haƙuri. Saurayin da ya fito jami'a yana ɗan shekara 21 ko 22 ya saba shi ne sarki a filinsu. Ranar da ya shiga kulob zai tarar da magidanta waɗanda ƙwallon ita ce abincin iyalinsu, ba kuwa za su ba shi wuri don yana da kyan suna ba. A zaɓen 2017 ɗin nan Atlanta United ta ɗauki Miles Robinson a na 2, ɗan baya ne. Shekara biyu yana zaman benci da wasa a ƙananan ƙungiyoyi, bai yi fushi ya tattara kayansa ba. A 2019 ya zama cikin 'yan wasa 11 da suka fi kowa a gasar, a 2021 kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Amurka kofin nahiyarsu a kan Meziko. Ba a auna irin wannan hali da agogo ko ma'auni. Sai an tambayi malamansa, da masu horar da shi na da, da abokan wasansa, har da mai wankin riguna, domin shi ya fi kowa sanin yaro mai girman kai. Shin yana zuwa atisaye a kan lokaci? In an yi masa gyara yana ji? In an cire shi daga wasa yaya fuskarsa take? Kulob ɗin da ya ga wannan bincike ɓata lokaci ne zai biya kuɗin makarantarsa daga baya.

Na huɗu, kulob ya san kansa. Gasar tana da iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a albashi, tana kuma da iyakar baƙi, kimanin gurbi takwas ga kowane kulob, ko da yake ana cinikin gurbin. Saboda haka yaron da ya zo daga Gana ko Nijeriya ko Jamus yana cin gurbin da za a iya ba ƙwararre daga Ajantina, tilas ne ya fi ɗan gida nesa ba kusa ba kafin a ɗauke shi. Atlanta ta yi wannan lissafi a kan Julian Gressel, Bajamushe, ta ɗauke shi a na 8, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 2017, a 2018 kuma suka ɗauki kofin gasar tare. Haka Columbus ta ɗauki Lalas Abubakar na Kumasi a na 5, ya daɗe yana tsaron baya a gasar, musamman bayan ya koma Colorado a 2019. Har ila yau, kulob ya duba inda yake da giɓi. Kafin 2014 ba a taɓa ɗaukar mai tsaron gida a layin farko ba, ana ganin hasara ce. Philadelphia Union ta karya wannan al'ada ta ɗauki Andre Blake na Jamaika, ya zama gwarzon masu tsaron gida na gasar har sau uku, a 2016 da 2020 da 2022.

Na biyar, kada a tsaya a manyan jami'o'i da masu lambar yabo kawai. A 2020 Inter Miami ta ɗauki Robbie Robinson a layin farko, wanda aka ba lambar gwarzon 'yan wasan jami'o'i na 2019. Sai a na 5 Orlando City ta ɗauki Daryl Dike, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Cikin shekara biyu Dike ya je aro Barnsley ya ci ƙwallo 9, a Janairun 2022 kuma West Bromwich ta saye shi kusan dala miliyan 10, ko da yake daga baya tsinkewar agara ta dame shi har sau biyu. Chris Wondolowski daga ƙaramar jami'a ya fito, a 2005 ba a ma kira shi a babban zaɓe ba, sai a na share fage da ake yi daga baya, can a na 41. Ya yi shekaru yana zaman benci, amma sa'ad da ya yi ritaya a 2021 yana da ƙwallo 171, ba wanda ya kai shi a tarihin gasar a lokacin. Matt Turner kuwa a 2016 duk kulob-kulob suka wuce shi, ba wanda ya kira sunansa, sai gwaji ya je New England. A 2022 Arsenal ta saye shi, shi ne kuma ya tsare wa Amurka gida a Kofin Duniya na Katar.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, zaɓen ya zama caca, kuma zamaninsa ya wuce. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tun 2008 aka ba kowane kulob damar ya ɗauki yaran da ya rena a makarantarsa ba tare da sun shiga layi ba, saboda haka gwanaye da yawa ba sa ma zuwa zaɓen. Alphonso Davies, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a Gana, ta makarantar Vancouver ya bi har ya kai Bayern Munich. A 2019 Philadelphia ta sayar wa Cincinnati layukanta duka, ta dogara ga yaran gida, a 2020 kuma ta fi kowa maki a gasar. An ma rage zagayen zaɓen zuwa uku.

Amma wanda ya ce rijiyar ta ƙafe bai zura guga ba. New England ta ɗauki Tajon Buchanan a na 9 a 2019, ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, a 2024 ya kai Inter ta Italiya. Nashville ta ɗauki Alistair Johnston a na 11 a 2020, ya kai Celtic. Colorado ta ɗauki Moise Bombito a na 3 a zaɓen 2023, a 2024 ta sayar da shi ga Nice ta Faransa. Patrick Agyemang, ɗan mutanen Gana, wanda ya fara daga jami'ar da ke rukuni na uku, Charlotte ta ɗauke shi a na 12 a wannan zaɓen, a 2025 Derby County ta saye shi. Kulob-kulob ɗin nan ba su biya kowa kuɗin saye ba, suka sayar da miliyoyi. Amurka ƙasa ce mai faɗi, makarantun kulob ba za su iya ganin kowane yaro ba, ga kuma yaran da ba sa nuna kansu sai sun haura shekara 20. Caca ce ga wanda bai yi bincike ba. Ga wanda ya yi, kasuwa ce mai araha.

To, ina ruwan mazaunin Ikko ko Fatakwal da wannan? A Nijeriya babu irin wannan zaɓe na layi, amma auna yaro kafin a ɗauke shi aiki ɗaya ne a ko'ina, kuma abin da ya sauƙaƙa wa Amurkawa aikin shi ne makaranta. Yaro yana da takardar haihuwa, yana da rijistar aji, an rubuta wasannin da ya buga da raunin da ya ji. Ikko ma ta taɓa samun irin wannan. Gasar Kofin Shugabannin Makarantu ita ta fito da Haruna Ilerika, ɗan ƙaramin jiki mai yankan da ba a manta ba, ita ta fito da Stephen Keshi da Henry Nwosu daga makarantar St. Finbarr's. A lokacin kulob kan san ajin yaro da malaminsa da gidansu kafin ya neme shi. Da wasan makarantu ya yi rauni, sai dillalai suka cike gurbin, maganar shekaru kuma ta zama abin kunya. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa, ta kuma karɓe gasar matasa ta duniya ta 1991 da aka shirya yi a nan. A 2009 aka shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, an kuwa sami irin su Nwankwo Kanu da Victor Osimhen daga ciki, amma da yawa daga taurarin waɗannan gasa sun dushe tun ba a je ko'ina ba. Mai shekara 22 da ke wasa da 'yan 16 dole ya yi kama da gwani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da ya haɗu da sa'o'insa asiri ya tonu.

Saboda haka akwai jan kunne ga iyaye, musamman 'yan Arewa mazauna Kurmi waɗanda 'ya'yansu suka taso da ƙwallo a ƙafa. In wani ya zo ya yaba yaro bayan ya gan shi sau ɗaya, ya ce a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi zai kai shi Turai, a tuna cewa kulob na gaskiya ba ya ɗaukar yaro da kallo ɗaya, ba ya kuma karɓar kuɗi daga hannun uba. Dokar FIFA ma ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Kada a sayar da shanu ko a karya jarin kanti saboda daɗin bakin dillali. Kada a rage wa yaro shekaru, domin an cuce shi ne, an kuma cuci ƙaninsa na gaskiya da aka tare wa hanya. Kada kuma a cire shi daga makaranta. Abu Danladi da Lalas Abubakar ta hanyar karatu suka kai inda suka kai, kuma ɗan ƙwallon da ya yi ilmi, ranar da cinya ta ƙi yana da abin da zai koma wa.

Su kuma masu kulob da hukumomin wasanni na jihohi, ya kamata su raya gasar makarantu, su ajiye rijistar yara tun suna ƙanana, su ɗauki mutane masu ido da amana su biya su albashi don su riƙa zagaya filaye, daga Agege har Gashuwa. Yaron da za a ɗauka a kalle shi sau goma, likita ya duba shi, a tambayi malaminsa, a ga takardarsa ta gaskiya. In an ɗauke shi kuma a ba shi shekara biyu ko uku kafin a yanke masa hukunci. Yaran suna nan birjik a kowace unguwa, masu auna su da gaskiya ne suka yi ƙaranci. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.